Kakin Baƙo

Curin kakin zuman yana zaune a tsakiyar tebur bisa farin ƙyalle, sumul da shi, ruwan ɗorawa, sai sheƙi yake yi. Tun da gari ya waye Njidda ke gyara masa zama. Ya juya shi gabas, ya ja da baya ya ƙare masa kallo, ya dawo ya juya shi yamma, sai ka ce curin ne zai buɗe baki ya gaida Baturen da ake jira. Ranar gwaji ce, kuma duk wanda ya san Njidda a Jalingo ya san ko koko bai iya sha ba da safen nan.

Malamin gona ne na En'e, saurayi siriri mai saurin baki, bai daɗe da dawowa daga makarantar aikin gona ta Samaru ba. Ya dawo da keke, da alƙalami a aljihun gaba, da wata magana guda da ya hana kowa sakat da ita: wai saƙar zuman nan da ake matsewa a watsar a bayan gida kaya ce, Turawa na nemanta ido rufe, suna yin kyandir da man goge takalmi da magani da ita. A lokacin, 'yan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu, baduku ne kawai ke neman ɗan kaki ya goga wa zarensa, saura kuwa rabon tururuwa ne. Da Njidda ya fara kai maganar wurin masu amya a Kona da ƙauyukan kan duwatsu, dariya suka yi masa har da riƙe ciki. Babbansu, Manga, wani dattijo gajere mai faɗin ƙirji, ya ce in dai shara kaya ce, to a naɗa juji sarkin kasuwa.

Amma Njidda irin mutanen nan ne da in sun kama abu sai dai a gaji a bar musu. Rani guda ya yi yana hawa duwatsu, yana saɓa keke a kafaɗa inda keke ba ya hawa. Ƙudan zuma suka yi masa rubdugu har wata rana ya shigo gari ido ɗaya a rufe, leɓe ya kumbura, maƙwabta na tambayarsa wa yake nema. Sannu a hankali mutanen Manga suka fara saukowa da kwanduna a ka, cike da matsattsiyar saƙa. Ba wai sun yarda ba ne, kunyar yaron da ya sha harbi saboda su ce ta kama su. Duk abin da aka kawo gidan Goggo Aisatu da ke unguwar Barade ake kai shi. Ita ce yayar mahaifin Njidda, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsa, ita ce kuma mai manyan tukwane da haƙurin tsayuwa kan wuta. Sau ɗaya ya nuna mata yadda ake dafa saƙar cikin ruwa, a tace da buhu, a zuba a kwano a bar shi ya daskare. Sau ɗayan nan ya ishe ta, har ta koma ita ke yi masa gyara. Kafin damina ta yi nisa ɗakin ajiyarta ya cika da curi har bakin ƙofa.

Saura abu guda. Kamfanin da ke da kanti a Lau, bakin Binuwai, ya ce ko curi ɗaya ba zai ɗauka ba sai Baturen gwaji ya tabbatar kakin tsantsa ne, domin a wasu garuruwa an sha cuɗa shi da kitse ko kyandir. Ga kogi ya fara ja da baya, jirgin da ke tsaye a Lau shi ne na ƙarshe a bana. In kakin ya ci gwaji, yau ɗin nan za a loda shi a mota. In kuwa ya faɗi, Njidda ya san ko da kuka ya bi mutanen Manga ba za su sake ɗaukar masa kwando ba.

Shi dai bai ga ta inda zai faɗi ba. Da sassafe Goggo da kanta ta miƙo masa wannan curin, naɗe cikin ƙyalle, rufe da sabon faifai, ta ce shi za a nuna wa baƙon. Da ya buɗe sai da ya yi kabbara. A cikin sauran akwai mai duhu, akwai mai tsaga, akwai wanda ya karkace, amma wannan ko tabo babu.

Wajen hantsi motar Baturen gwajin ta iso, taɓo har ƙofofinta. Baturen dogo ne, wuyansa ja zur, kuma tun bai gama sauke akwatunansa ba mutanen gari suka raɗa masa suna Mai Kwalabe. Daga Kaduna ya taso yana zagaya larduna. Hausarsa ta gaisuwa ce da tambayar hanya, sauran magana da Turanci suke yi da Njidda. Ya nufi ɗakin ajiyar iri na ofishin gona, wanda Njidda ya kwashe, ya share, ya shafe da farar ƙasa, ya kuma rubuta masa Ɗakin Gwaji da gawayi a saman ƙofa. Bature ya ɗaga kai ya karanta, bai yi dariya ba. Nan take Njidda ya ji mutumin ya kwanta masa a rai.

Mai Kwalabe ya buɗe akwati ya jera kayansa: 'yar fitilar sifirit, da wani murhun ƙarfe mai ƙafa uku, da kofin gilashi, da dogon ma'aunin zafi mai zaren zaiba a cikinsa, sai wasu bututun gilashi sirara kamar tsinken tsintsiya. Da ya ji Njidda ya taɓa ganin irin wannan aiki a Samaru, sai ya ja kujera gefe ya zauna, ya nuna masa teburin, ya ce shi yau ɗan kallo ne. Daɗi ya kusa kashe Njidda. Sau biyu ya goge tafin hannunsa a wando kafin ya iya taɓa ma'aunin.

Taga da ƙofa sun cika maƙil. Masu amya sun sauko tun asuba, ga 'yan kasuwa, ga waɗanda aikinsu ke nan zuwa duk inda mutane suka taru. Manga ya kafa gwiwar hannu a kan taga, ya ce a fara gaya musu abin da kwalbar za ta yi, kada a yi musu rufa-ido. Ai kuwa Njidda abin nema ya samu. Ya ɗaga ma'aunin sama don na baya su gani.

"Kowane abu da Allah ya halitta yana da iyakar zafin da yake iya jurewa," in ji shi. "Man shanu ko a tafin hannu narkewa yake yi. Kitse ya ɗan fi shi taurin kai. Kakin zuma na gaskiya kuwa ba ya ko motsi sai zaren nan ya hau tsakanin sittin da biyu da sittin da huɗu, sa'an nan ya saki gaba ɗaya. Wanda aka yi wa haɗi, tun da wuri yake fara gumi."

"To kwalba shi ne alƙali ke nan," in ji Manga. "A ba shi, mu ji hukunci."

Aka yi dariya. Njidda ya danna bakin bututu ɗaya a jikin curin, ya ɗebo ɗan tsaki da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ya ɗaure bututun da zare a jikin ma'aunin, daidai inda zaibar ke kwance, ya rataya su cikin kofin ruwa, ya kunna fitila. Harshen wutar shuɗi ne, da kyar ake ganinsa da rana. Ya riƙa juya ruwan a hankali da 'yar sandar gilashi, yana kiran lamba da ƙarfi kamar mai shela. Talatin. Talatin da biyar. Arba'in. Duk lambar da ya kira sai na bakin taga su maimaita wa na bayansu, na baya su miƙa wa na gindin bishiya, har wata mai tallar gyaɗa da ba ta san abin da ake ƙirgawa ba ta shiga amshi. Shi kuwa ji yake kamar a ƙirjinsa zaibar ke hawa.

Bai kai ga kiran hamsin ba ya ga abin da bai so gani ba. Gefen ɗan tsakin ya yi laushi, wani ɗigo mai sheƙi ya taru a ƙasansa. Ya ce wa kansa idonsa ne, ya goge jikin kofin da hannun riga. A hamsin da biyar tsakin ya koma rabi ruwa rabi gudaji, kafin sittin kuwa ya sulale ya haye sama cikin bututun. Njidda ya daina kiran lamba. A waje, waɗanda ba sa ganin komai suka ci gaba da ƙirgensu su kaɗai, sittin, sittin da ɗaya, har da tafi.

Bature ya taso ya leƙa, ya ce a sake, wataƙila wutar ta yi yawa. Aka zubar da ruwan, aka ɗebo mai sanyi daga randa, aka ɗauki tsaki daga ɗaya gefen curin. Wannan karon Njidda bai kira lamba ba, shirunsa ne ma ya gaya wa mutanen taga abin da ake ciki. Yadda aka yi da farko haka aka sake yi, ba ƙari ba ragi. Sai Mai Kwalabe ya kankari ɗan kakin da wuƙa, ya murza shi tsakanin yatsu, ya shafa a farar takarda, takardar ta yi naso. Ya kai yatsun hanci. Ya ce akwai mai a ciki, mai yawa kuma. Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba, ya dai ce abin bai yi masa daɗi ba, ya fara goge kwalabensa yana mayarwa cikin akwati.

Ba wanda ya fassara, amma kalmar algus ta fita ta taga da ƙafarta. Kafin ka ce kwabo ta kai gindin bishiya.

"Malam," in ji Manga, "mu saƙa muka kawo. Saƙa ba shi da mai. Mai ya shiga a gari, ba a dutse ba."

Ya sauke hannunsa daga kan taga. Da zagi ya yi, da ya fi wa Njidda sauƙi. Kunya ta lulluɓe shi tun daga kai har ƙafa, ga tsoro kuma, domin hannu ɗaya ne kawai ya taɓa kakin nan tsakanin kwando da tebur, hannun da ya ba shi abinci tun bai san kansa ba. Matar da ko allura ta tsinta sai ta yi cigiya gida-gida, ita ce za ta yi algus? Ya roƙi Bature ya ba shi ɗan lokaci. Bature ya leƙa waje ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa, kowa kuwa ya san hanyar Lau in ruwa ya sauka sai a kwana cikin taɓo. Ya ce zai je bariki ya ci abinci, in ya gama zai kama hanya.

Njidda ya haye keke. Yadda ya ratsa gari a ranar, kaji da awakin Barade ne za su ba da labari. Ya faɗa kududdufi ya fita, hularsa ta tashi bai waiwaya ba, ya jefar da keken a zaure tayar baya na ta juyawa. Ya sami Goggo a tsakar gida bisa tabarma tana tsince shinkafa, hankalinta kwance.

"Goggo, me kika sa a cikin curin nan?"

Ta ɗago kai tana murmushi, irin na wadda aka gano alherin da ta ɓoye.

"Har ya gane? Ashe Nasaran yana da hanci. Nebbam ne, man shanu, ɓingel am, ɗana. Ba na kasuwa ba, wanda aka aiko mini daga ruga ne, ni na soya da kaina, na tace. Ban yi masa rowa ba."

"Man shanu, Goggo? A cikin kaki?"

"To ai na baƙo ne. Mutum ya taso tun daga Kaduna, sai in miƙa masa abu gaya, kamar gidanmu ba a san mutunci ba? Ko tuwo ka taɓa ganin na kai wa baƙo babu mai a kai?"

Njidda ya jingina da bango. A duk faɗin ƙasar nan masu algus abin banza suke nema su cusa cikin mai daraja, ita kuwa goggonsa ta ɗauki abin da ya fi kakin tsada ta zuba, ta kuma yi shiru don kada a ce tana gori. Ya rasa dariya zai yi ko kuka. Sai wata tambaya ta faɗo masa. Ya tambaye ta sauran fa, na cikin ɗaki.

Ta dube shi kamar wanda ya yi tambayar wauta. Ta ce sauran ai na buhu ne, wa zai ɓarnatar da man shanu a kan kayan da za a jibge a gindin jirgi? Ko ɗigo ba ta sa musu ba.

Bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ya faɗa ɗakin ajiya, ya figi buhu, ya riƙa jefa curi a ciki, na sama da na tsakiya da na can ƙasa, duk wanda hannunsa ya faɗa a kai. Goggo ta biyo shi tana salati, tana cewa wannan baƙi ne, wancan har da ƙafar ƙudan zuma a jikinsa, so yake ya kunyata ta a gaban Nasara? Ya ce mata zai yi bayani in ya dawo, ya ɗaure buhun a bayan keke, ya bar ta tsaye a bakin zaure tana tafa hannu.

Ya iske an riga an ɗaure akwatuna a bayan mota, direba na goge gilashi. Ya dira daga keke, ya tare Bature, ya zazzage masa labarin da Turancin da haki ya kakkarya. Mai Kwalabe ya ce ya sake faɗa a hankali. Da ya ji sau na biyu sai ya cire hularsa ya sosa kai, ya ce ya gwada kaya a larduna da yawa, ya ga yashi, ya ga tsakuwa, ya ga kitsen akuya, amma bai taɓa zuwa inda aka lalata masa kaya don girmama shi ba. Ya sake duban hadarin, ya dubi yaron da taɓo ya wanke har gwiwa, ya ce a kwance akwati. Sharaɗinsa ɗaya, shi zai zaɓa. Ya tura hannu cikin buhu ya zaro wanda ya fi kowanne muni, baƙi-baƙi, gefensa a gutsure, ya sa aka sare shi biyu da adda, ya ce daga tsakiyarsa za a ɗiba.

Mutane sun riga sun fara watsewa. Masu amya sun saɓa kayansu, wasu har sun kai bakin hanya. Da suka ga an sake kunna 'yar fitilar sai suka riƙa dawowa ɗai-ɗai. Manga bai zo taga ba, can gindin bishiya ya tsaya ya harɗe hannuwa.

Njidda ya juya ruwan. Arba'in ya wuce. Hamsin ya zo, ya kafa wa tsakin ido har idon ya kawo ruwa, amma ko gezau. Ya ji muryarsa ta fito da kanta, ƙasa-ƙasa, hamsin da biyar. Wani a taga ya maimaita. Hamsin da takwas. Sittin, tsakin yana nan daram, busasshe, kamar ba a cikin ruwan zafi yake ba. Yanzu duk taron ya kama, amma da raɗa, sai ka ce suna tsoron kada su firgita shi. Sittin da ɗaya. Bature ya taso daga kujera ya sunkuyo, kansa kusa da na Njidda. Sittin da biyu, gefen tsakin ya fara haske. Zaibar na taɓa sittin da uku sai duhun nan ya washe lokaci guda, tsakin ya koma garau kamar ruwa, ya sulale sama.

"Sittin da uku!" Njidda bai san da irin wannan murya a ƙirjinsa ba.

Waje ya kaure. Amma Mai Kwalabe ya ɗaga hannu, ya ce saura. Ya zaɓi curi na biyu, shi ma sai a sittin da uku ya saki. A na uku Njidda ya fita da kansa har gindin bishiya, ya kamo hannun Manga, ya ce yau alƙalin a gabansa zai yanke hukunci. Dattijon ya shigo yana jan ƙafa, ya durƙusa gaban tebur, hancinsa ya kusa taɓa kofi. Ya yi ta kallo, bai ko ƙifta ba, har tsakin ya washe a gaban idonsa. Ya miƙe a hankali, ya dubi Njidda, ya ce wannan kam nasu ne, ya san halinsa, ba ya ba da kai da wuri. Sai ya leƙa ta taga ya yi wa mutanensa magana da harshensu, aka ji ihu ya tashi har kasuwa. Wani ya fito da ganga, Allah kaɗai ya san inda ya ɓoye ta tun safe.

Bature ya ce a je a loda. Kafin ya rufe akwati ya ware ma'auni ɗaya, da fitilar, da kofi, da ɗaurin bututu, ya tura su gaban Njidda. Ya ce daga baɗi shi zai riƙa gwada kakin Jalingo kafin ya bar gari. Ya kuma ja masa kunne cewa in curi ɗaya mai maiƙo ya isa Lau, kamfani duka kayan zai mayar, ba zai tsaya tambayar dalili ba. Njidda ya rungume kayan a ƙirji, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ana cikin haka sai ga Goggo Aisatu ta ratso taron, da ƙafa ta tako tun daga Barade. Ta ɗaura sabon zane baƙi mai sheƙin bugu wanda ko sallah bai gani ba, ta yafa farin mayafi, ta sa 'yan kunnenta na azurfa. Ganga da ihun da ta ji tun daga nesa sun gaya mata an yi nasara, ta kuwa san curin wa aka nuna wa baƙo. Ta rusuna ta gaida Bature. Shi ma ya cire hula, ya ce sannu Mama, ya riƙa gyaɗa mata kai yana murmushi, sa'an nan ya yi sauri ya shiga mota saboda an fara yayyafi. Manga da mutanensa suka ɗare bayan motar, za su je Barade su loda, mai ganga da jama'a suka bi su a guje. Njidda ya ce su yi gaba, zai rufe ɗaki ya same su.

Ɗakin ya rage su biyu. Goggo ta dubi tebur, ta ga baƙaƙen curin nan a sassare a wurin girma. Ta waiga ta ga nata an ture shi can kan taga, ƙyallensa a yashe a gefe. Ta tambaya me ya sa ba a tafi da shi ba.

Njidda ya dubi fuskarta, ya ji ba zai iya ba. Ya ce Bature ya ce wannan ya fi ƙarfin buhu, bai kamata a haɗa shi da saura ba.

Fuskarta ta washe. Ta gyara mayafi, ta ce ai ta sani, baƙo ba ya rasa gane abin da aka yi dominsa. Ta ce tun da haka ne, in Allah ya kai rai baɗi, duka za ta sa musu, ko da za ta hana kanta mai a tuwo shekara guda. Ba za a ce kayan ɗanta sun shiga jirgi a bushe ba.

Njidda ya tsaya da makulli a hannu. Daga nesa ana jiyo gangar tana nufar Barade. Ya ajiye makullin, ya jawo kujerar da Bature ya zauna, ya ce Goggo ta zauna, akwai abin da yake so ta gani da idonta. Ya ɗebi tsaki daga nata curin, ya ɗebi wani daga baƙin, ya ɗaure bututun biyu kafaɗa da kafaɗa a jikin ma'aunin. Ya nuna mata wanne ne wanne, ya gaya mata wanda ya riga sakin jiki shi ne wanda aka ƙi. Ya kunna fitila, ya riƙa juya ruwan, bai kira lamba ko ɗaya ba.

Ta matso da fuskarta. Ta ga nata ya fara gumi tun ruwan bai yi zafin kirki ba, ta ga ya yi laushi, ya sulale, baƙin nan mai ƙafar zuma yana tsaye abinsa. Ba ta ɗauke ido ba har shi ma lokacinsa ya yi. Njidda ya hure fitilar. Ya fara cewa ba laifinta ba ne, shi ne bai yi mata bayani ba tun farko, amma ta ɗaga masa hannu.

Ta tashi ta je taga, ta ɗauki ƙyallen ta kakkaɓe, ta naɗe curinta da kyau, ta rufe ramukan da bututu ya yi masa. Ya miƙa hannu zai karɓa ya ɗaura mata a keke, ta ƙi, ta sa shi ƙarƙashin mayafi saboda yayyafi. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Da ka faɗa mini tun a gida, ɓingel am," in ji ta, "da ban ɗauro sabon zane ba."

Ba ta bi babbar hanya inda ake kiɗa ba, ta zagaya ta bayan ofis.